In Tsohuwar Tarakta Ta Ƙi Kawo Wuta

Ruwan shuka shi ke tona asirin taraktar da aka jingine tun kaka. Ƙasa ta jiƙa, manoma sun yi layi kowa yana son a fara shiga gonarsa, sai direba ya hau, ya buɗe makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Mai yana sauka, har warin fetur ya cika rumfa. Nan take za ka ji hukunci daga bakin 'yan kallo: "Koyil ne ya ƙone." Kafin la'asar an tura yaro kasuwa ya sayo sabo, an ɗaura, tarakta tana nan jiya i yau. Gobe a canza fulogi, jibi a kwance kabureta. Danshin ƙasa yana ta tafiya, kuɗi suna bin bayansa.

Wannan ɓarna tana ci mini rai, domin a garejin kawuna na tashi, kuma a kan idona ya sha tayar da injunan da aka riga aka fid da rai da su ba tare da an sayi ko noti ba. Kayan aikinsa a irin wannan rana sukundireba ce, da guntun samfefa, da ƙwan fitilar mota da ya ɗaura wa wayoyi biyu. Abin da ya fi su duka, ya san hanyar da wuta take bi daga batir zuwa bakin fulogi, kuma ba ya tsallake mataki ko da mai tarakta yana tsaye a kansa yana huci.

Sai mun fara tsame masu shan gas gefe. Yawancin taraktocin da ke gonakinmu yau na dizal ne: Massey Ferguson 135 da 165 da 375, Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, Steyr ta Bauchi. Injin dizal ba shi da fulogi, ba shi da koyil. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da in aka feso mai a kai zai kama da kansa. In irin wannan ta ƙi tashi, a nemi iska a layin mai, a duba tacin mai da famfo da nozul da ƙarfin batir. Babu wani tartsatsi da za a nema a jikinta.

Maganata a kan mai shan fetur ce, kuma wadda na sani ciki da bai ita ce 'yar ƙaramar Ferguson mai ruwan toka da kawu ya saya a gwanjo tun ban yi wayo ba. Kamfanin Standard ne ya riƙa ƙera ta a garin Coventry na Ingila daga 1946 zuwa 1956, bisa tsarin Harry Ferguson, an kuma fitar da fiye da dubu ɗari biyar. Sunanta a takarda TE20, mai injin fetur na Standard ɗin kuwa TEA20. Akwai wadda ake tayarwa da fetur sannan a juya ta kan kananzir, akwai ta dizal da ta fito a 1951. Ƙarama ce amma ba ta da raki, domin da irinta guda uku Edmund Hillary ya keta ƙanƙarar Antatika har ya kai ƙarshen kudancin duniya a watan Janairun 1958. Takwararta ta Amurka ita ce Ford 8N, wadda aka yi daga 1947 zuwa 1952. Tsarin wutarsu ɗaya ne da na tsohuwar Land Rover da Peugeot 404 da 504, wato batir da koyil da kontak, wanda Charles Kettering ya fito da shi a Amurka, motocin Cadillac suka fara amfani da shi a 1910, duniya kuma ta zauna a kansa har cikin shekarun 1970. Wanda ya gane shi a inji ɗaya ya gane shi a dukkansu.

Ga yadda abin yake tafiya. Koyil gwangwani ne, a cikinsa akwai sandar ƙarfe da aka naɗe da waya iri biyu: mai kauri, zagaye 'yan ɗaruruwa, da wata siririya ƙwarai, zagaye wajen dubu ashirin. Wuta tana tasowa daga batir, ta ratsa makulli, ta shiga waya mai kaurin ta ƙafa ɗaya ta koyil, ta fita ta ɗaya ƙafar, ta gangara cikin distirbuta. A can take tarar da kontak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗe baki suna rufewa. In sun haɗe, wuta ta sami hanyar komawa batir ta jikin inji, sai sandar cikin koyil ta zama maganaɗisu. Ita kuma sandar distirbuta tana juyawa tare da inji, tana da kusurwa huɗu, kowace silinda da tata. Duk sanda kusurwa ta zo sai ta ture kontak ya buɗe, wuta ta yanke farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe. Rushewar nan ce take haifar da wuta mai ƙarfin gaske a cikin siririyar wayar, batir mai bolt 6 ko 12 sai ga shi ya ba da fiye da bolt dubu goma. Ita ce take fita ta hancin koyil, ta bi babbar waya zuwa tsakiyar murfin distirbuta, rota ta miƙa ta ga fulogin da lokacinsa ya yi, ta tsallake ɗan giɓin bakinsa, fetur ya kama.

Abin riƙewa a nan shi ne, lokacin buɗewar kontak ake samun tartsatsi, amma sai in ya riga ya rufe sosai wuta ta ratsa shi. Kontak ɗin da ba ya rufewa ba ya ba da wuta, wanda ba ya buɗewa ma haka. A gefensa akwai 'yar ƙaramar kondensa, aikinta ta shanye wutar da ke son tsallake bakin kontak yayin da yake buɗewa, domin yankewar ta zama kaifi ɗaya. Iyakar tsarin ke nan, hanya ɗaya ce tak. Mai ban ruwa a fadama in ya ga ruwa bai kai fangali na ƙarshe ba, ba kasuwa yake nufa ya sayo sabon inji ba, hanyar ruwan yake bi da ƙafa har ya ga inda ta fashe ko ta toshe. Neman wuta ma haka yake.

Kafin a taɓa komai, a zare giya a bar ta a firi, a sa dutse gaba da bayan taya. Mai gwaji a ƙasa yake tsaye, daidai gaban babbar tayar baya, tarakta kuwa in ta tashi cikin giya ba ta san mai ita ba. Ferguson ya yi dabara a nan, domin sandar giya ce da kanta ake turawa ta kunna kik, saboda haka ba ta tashi cikin giya. Amma abin da ya haura shekara saba'in ya bi ta hannaye da yawa, an sha yi masa ƙarin waya da maɓalli, kada a dogara. A tuɓe babbar riga saboda fanka da fanbel. In an yi ta murzawa har fetur ya zuba, a goge a bari wurin ya sha iska, tunda tartsatsi za a nema.

Gwajin farko yana raba aikin gida biyu. A zare babbar wayar koyil daga tsakiyar murfin distirbuta, a riƙe ta da busasshen kara ko filaya mai roba, a kusantar da bakinta ga jikin inji inda babu fenti, tazarar kamar milimita 6. Wani ya buɗe makulli ya murza. In tartsatsi shuɗi yana tsalle yana ƙara tas-tas-tas, to batir da makulli da kontak da kondensa da koyil duk sun fita daga zargi, laifin yana gaba, tsakanin rota da fulogi. In shiru ne, ko kuwa wani jan tartsatsi mai rauni wanda sai an matso da waya dab da ƙarfe yake fita, laifin yana baya. Cikin minti ɗaya an zubar da rabin zato.

A ɗauka shiru aka ji. Sai a koma tushe. Batir yana iya juya inji amma ya bar koyil da yunwa, domin kik yana zuƙe wuta mai yawa. Mai bolt 12 in ya faɗo ƙasa da 10 lokacin murzawa ba ya rage wa koyil abin kirki, masu bolt 6 kuwa sun fi faɗawa wannan hali. Alamarsa sananniya ce: inji ya yi kamar zai kama daidai lokacin da aka saki kik, ko ya ƙi kik amma ya tashi in an ja tarakta ko an murɗa da hannu. A kankare kawunan batir, a kwance wayar da ta haɗa shi da jikin tarakta a duba ƙarƙashinta, nan tsatsa ta fi ɓuya. Mai murɗawa da hannu kada ya zagaye ƙarfen da babban yatsa, kuma sama zai finciko, domin in inji ya mayar baya wuyan hannu yake karyawa.

Daga nan sai fitilar gwaji. Ba wani abu ba ne illa ƙwan fitilar mota ƙarami da waya biyu, ɗaya a maƙale a jikin inji, ɗaya a hannu ana taɓa wuraren da ake tuhuma. A buɗe makulli, a taɓa ƙafar koyil wadda wayar makulli ta shigo. A tsohon koyil na Lucas an rubuta SW a wannan ƙafa, CB kuma a wadda ta tafi distirbuta. In ƙwan bai kama ba, wuta ba ta iso ba ke nan: ko makullin ya yi tsatsa a ciki, ko waya ta tsinke, ko ɓera ya yi aikinsa a rumfa lokacin rani. Ford 8N ta farko tana da wani ɗan ƙarfe mai rage wuta a bayan allon direba, shi ma yana ƙonewa. Tabbatarwa ba wuya, a ja waya kai tsaye daga batir zuwa wannan ƙafa a gwada. In ta tashi an kama ɓarawo. Sai dai a cire wayar da zarar an gama, domin muddin tana haɗe makulli ba zai kashe inji ba.

In ƙwan ya kama, a mayar da shi ɗaya ƙafar, mai zuwa distirbuta, a sake murzawa. A ganina wannan gwaji ya fi duk sauran daraja. Lafiyayyen tsari yana sa ƙwan ya riƙa ƙyaftawa: in kontak ya rufe ya mutu, in ya buɗe ya kama. In ya kama ya zauna a kame ba ƙyaftawa, to wuta ba ta samun hanyar sauka jikin inji. Ko bakin kontak ya yi datti, ko ya wage ba ya haɗewa, ko 'yar wayar da ke tsakanin koyil da distirbuta ta tsinke a cikin robarta. In kuwa bai kama ba sam, ɗayan biyu ne: ko wuta tana sulalewa jikin inji tun kafin lokacinta, ko wayar cikin koyil ta yanke. Ana raba gardamar da cire 'yar wayar nan daga ƙafar koyil a sake taɓawa. In ƙwan ya kama yanzu, koyil yana wucar da wuta, matsalar tana cikin distirbuta. In har yanzu duhu, sai a lokacin koyil ya cancanci a zarge shi.

Wata damina aka aiko wa kawu daga wani ƙauye a ƙasar Giwa, na riƙe masa jakar kaya muka tafi. Mun tarar da mai taraktar a rumfa, kwalaye biyu a kan kujerar direba.

"Malam, koyil biyu na saya, duka jabu aka ba ni. Duniya ta lalace."

"Alhaji, a bar maganar koyil tukuna. Yaushe rabonta da tashi?"

"Tun da muka gama kwasar masara."

Kawu bai ƙara tambaya ba. Ya maƙala ƙwansa, ya ce da ni, "Kai, hau ka murza, ka tabbata tana firi." Ƙwan ya kama ya tsaya cik. Ya ɓalle murfin distirbuta, ya zare rota, ya buɗe bakin kontak da farce ya nuna mini. A ido lafiya lau yake, sai wani ɗan fari-fari mai kama da ƙura a fuskokin biyu. Wata bakwai na hunturu da bazara ya ishi wannan shafi ya kwanta, kuma duk rashin kaurinsa ya isa ya tare bolt 6. Ya naɗe samfefa mai laushi gida biyu ya zura tsakani ya ja kaɗan, sannan ya yago gefen farar takarda mai tsabta ya riƙa ja har ta daina fita da baƙi. Wannan ja na biyu shi mutane suke mantawa, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ciki aikin ya koma baya. Da na sake murzawa ƙwan ya shiga ƙyaftawa, kafin in saki sanda inji ya ɗauka. Kawu bai tsaya nan ba, ya sa aka ɗauko tsohon koyil da aka jefar bayan rumfa ya mayar, ta sake tashi.

"Alhaji, a mayar wa mai shago kayansa. Ba jabu ya ba ka ba, kuma tsohon naka bai yi laifin komai ba."

A abin da na gani da idona, in tarakta ta kwana lafiya ta ƙi tashi bayan doguwar ajiya, bakin kontak ne a mafi yawan lokuta. Shi ne kuma mafi arha a gyara.

Tsabta kaɗai ba ta isa ba, sai da giɓi. A jikin kontak akwai 'yar dunduniyar faiba da ke gogar sandar distirbuta. Yau da gobe tana cinyewa, giɓin ya riƙa raguwa har ya rufe gaba ɗaya. A juya inji da hannu har dunduniyar ta hau kan kusurwa, a sassauta sukurun, a daidaita. A Ferguson giɓin 0.015 na inci ne, kusan milimita 0.4. Ford 8N mai distirbuta a goshin inji ita ma haka, amma wadda aka mayar wa distirbuta gefe daga 1950 tana son 0.025. Da ma'aunin giɓi ake yi, ba shi da tsada, kuma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. A ɗiga ɗan giris a kan kusurwoyin, kaɗan ƙwarai, in ya yi yawa bakin kontak zai koma. Wanda ya sa sabon kontak ya goge masa baki, domin da ɗan maiƙo yake zuwa daga masana'anta. Ya kuma kula da 'yan washar roba ko faiba da ke raba wayar da jikin ƙarfe. Masu koyo da yawa nan suke faɗawa: a sa sabon kontak, a juya jerin washa, wuta ta riƙa sauka jikin inji kai tsaye, a wayi gari tarakta da take tari jiya yau ko tarin babu. Haka kuma robar da waya take ratsawa ta shiga distirbuta, in ta tsufa ta tsage tana yin wannan ta'asa.

Kondensa ba ta nuna ciwonta a ido. Ana gane ta da ayyukanta. A buɗe makulli, kontak yana rufe, a riƙa ɓalle shi da tsinke ana kallon babbar wayar koyil kusa da ƙarfe. In wuta tana fallatsa sosai a bakin kontak amma can a babbar waya sai ɗan ja mai rauni, ita ce. Kontak da ke ƙonewa da wuri, da inji mai tashi da safe ya mutu in ya yi zafi, su ma suna nuna ta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a cire ta a sa wata da aka san tana aiki. Ba lallai sai ta tarakta ba, ta Peugeot 504 ko Land Rover za ta yi, tunda ƙarfinsu kusan ɗaya ne, ana ma iya ɗaura ta a waje, wayarta a ƙafar koyil mai zuwa distirbuta, jikinta a manne da ƙarfen inji. Shawarata, kada a jefar da tsohuwar kondensa mai aiki don kawai an sayo sabon kontak. Na ga sababbi da suka mutu cikin mako, na ga tsofaffi da suka girme ni suna nan daram.

Koyil yana mutuwa, ban ce ba ya yi ba. Hancinsa yana tsagewa, mai yana yoyo daga jikinsa, wani kuma sai ya yi zafi yake yankewa, in ya huce ya dawo. Mai mitar awo zai ga om 3 ko kusa da haka tsakanin ƙafafu biyu na koyil mai bolt 12, rabin haka a mai bolt 6, da dubbai tsakanin ƙafa da hanci. Amma sau da yawa kashe shi ake yi. A bar makulli a buɗe inji ba ya aiki, in kontak ya tsaya a rufe wuta za ta yi ta kwarara har koyil ya dahu, bakin kontak ya ƙone. Ko a ɗora batir mai bolt 12 a kan tsarin bolt 6 ba tare da an canza koyil ko an sa abin rage wuta ba. Ferguson da bolt 6 ta fara, sai daga 1951 ta koma 12, saboda haka a duba abin da ke rubuce a gindin koyil kafin a ɗora batir. Akwai kuma abin da ke rikita masu riwaya na yanzu: waɗannan tsofaffin taraktoci, na Ingila da na Ford duka, kan batir mai alamar tarawa suke haɗawa da jikin inji, saɓanin motocin yau. In an juya batir, a juya wayoyin koyil ma. Ƙa'idar ita ce ƙafar koyil mai zuwa distirbuta ta yi alama ɗaya da kan batir da ke jikin inji. In an saɓa, inji zai iya tashi, amma da raunanniyar wuta, ranar sanyi ko laima sai ya ƙi.

To in gwajin farko ya ba da shuɗin tartsatsi fa, amma fulogi shiru? A fara da kallon rota ana murzawa, a ga ko tana juyawa ma. Sannan a riƙe babbar wayar koyil dab da ƙarfen saman rota a murza. Nan ba a son ganin tartsatsi. In ya yi tsalle, rota ta fashe a ciki tana zubar da wuta ta sandar distirbuta, sai sabuwa. A juya murfin a duba cikinsa: ɗan gawayin tsakiya mai sifirin yana nan, yana motsi? Akwai raɓa? Akwai wani siririn baƙin layi da ya tashi daga ƙarfe zuwa ƙarfe? Layin nan hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta, ba ta kuma barinta. Laimar damina tana taruwa a murfi cikin dare, busasshen tsumma da ɗan shanya a rana sun sha tayar da tarakta. Zanzaro ma yana son yin ɗaki a irin waɗannan lunguna.

Fulogi su ne ƙarshen layi, kuma da wuya huɗu su mutu rana ɗaya. Abin da yake faruwa shi ne su jiƙe da fetur saboda yawan murzawa da cok, su daina ba da wuta. A kwance, a shanya, a kankare baƙin, a daidaita giɓi wajen milimita 0.6 zuwa 0.7, a kwantar da kowane a jikin inji da wayarsa a ga tartsatsinsa. Kada a zare wayoyi huɗu lokaci ɗaya ba tare da an yi musu alama ba. Ferguson tana kunna silinda a jerin 1-3-4-2, Ford 8N kuwa 1-2-4-3, ana ƙirga ta ɗaya daga wajen lagireto. Wayoyi biyu in suka yi musanya, sai ka ji inji yana harbi ta kabureta ko ta salansa alhali wuta tana nan lafiya. Haka in wani ya taɓa sassauta distirbuta ya juya ta, tartsatsin zai zo amma ba a kan lokaci ba. In wuta ta tabbata shuɗiya a fulogi huɗu kuma a kan lokaci, an gama da ita, sai a juya ga fetur, musamman wanda ya kwana wata da watanni a tanki.

Wasu tsofaffin taraktoci, kamar Farmall da Fordson na farko, ba su dogara da batir ba, magneto gare su, na'urar da ke haɗa wutarta da maganaɗisu, irin wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a 1902. Jikokinta suna nan cike da fadamunmu da gidajenmu: injin ban ruwa, ƙaramin janareta, injin feshi. A waɗannan makunni ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi ta hanyar saukar da ita jikin inji. Don haka in sun ƙi kawo wuta, a fara zare siririyar wayar da ta fito daga koyil zuwa makunni a ja igiya. In tartsatsi ya dawo, makunni ne ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Injuna irin Honda GX160 suna da wata na'ura da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. Manomin rani da yawa ya ɗauki inji a babur zuwa gari, alhali rabin gwangwanin baƙin mai yake nema, ko kuwa an girke shi ne a karkace a bakin rijiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In an gama aikin kaka, a cire batir a ajiye a inuwa ana yi masa caji lokaci-lokaci, a rufe famfon mai a bar inji ya shanye na kabureta, a lulluɓe distirbuta daga ƙurar hunturu. Mafi kyau a riƙa tayar da tarakta ko sau ɗaya a wata ta yi zafi, bakin kontak ba ya samun sukunin yin datti. Tun watan Afrilu a gwada ta, lokacin da makanike yake da sarari kuma babu manomin da ke jira.

Abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne, masu saninsa ne suke ƙarewa. Yaran gareji na yanzu sun buɗe ido da dizal da motocin da ake duba wa ciwo da kwamfuta, da yawansu ba su taɓa ganin kontak ba, ba kuma laifinsu ba ne. Sakamakon shi ne tarakta mai lafiyayyen inji da giya da na'urar ɗaga garma sai a yanke mata hukuncin mutuwa, 'yan gwangwan su zo su auna ta a kilo. Ƙaramin manomi mai kadada uku ko huɗu kuwa irinta ce daidai shi, tana shiga lungun da babba ba ta shiga, tana jan tirelar taki da amfanin gona. Ina roƙon duk mai irin wannan tarakta a rumfa kada ya sayar da ita saboda rashin wuta. Tsofaffin makanikan Peugeot da Land Rover suna nan da ransu a Kano da Zariya da Jos da Maraɗi. Ku neme su, ku biya su haƙƙinsu da mutunci, ranar da za su zo kuma ku kira yaranku da matasan riwaya na unguwa su tsaya kusa su ga yadda ake yi.